Ina son shiga ƙungiyar zari-rugar Amurka, amma ban taɓa sa hular kwano ba

Assalamu alaikum. Ni Bazazzagi ne, shekaruna 26, na gama digiri na biyu a Ingila, yanzu ina aiki a wani babban sito a Birmingham. Tsawona mita 1.83, nauyina kilo 98. Tun ina yaro ƙwallon ƙafa nake bugawa a unguwa, baya nake tsarewa. Wani abokin aikina yana cikin wata ƙungiya ta masu buga zari-ruga irin na Amurka don sha'awa, ba don albashi ba, ya ce suna ɗaukar sababbi a watan Nuwamba, in zo. Abin ya kwanta mini a rai, don kaɗaici ya ishe ni, daga aiki sai ɗaki. Sai dai ban san dokokin wasan ba, kuɗin kayan ya ba ni tsoro, kuma da na tura wa Hajiyarmu bidiyon wasan cewa ta yi ba da yawunta ba, wai neman karya wuya nake. Na ga wata hular kwano ta hannu a intanet a kan fam 60, in saya? Ban makara ba kuwa? Ga azumi kuma zai faɗo a tsakiyar atisaye.

Ƙaninku a Birmingham

Wa alaikumus salam, ƙaninmu.

Ka je. Amma ka bar hular nan ta fam 60 inda ka gan ta, kuma kafin ka taka filin akwai gwajin jini ɗaya da za ka yi.

Batun makara ba shi da tsawo. Christian Okoye, ɗan Inugu, yana da shekara 23 ya fara taɓa wannan ƙwallo a Amurka, a 1989 kuwa shi ya fi kowa gudu da ita a gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, yadi 1,480. Efe Obada, wanda shi ma a Najeriya aka haife shi, ya fara ne yana da 22 a London Warriors, ƙungiyar masu sha'awa irin wadda ake kiranka, wasa biyar kawai ya buga aka ɗauke shi zuwa Amurka. Ba muna cewa haka taka za ta kasance ba, waɗannan biyun Allah ya yi musu jiki na daban. Abin lura shi ne a Birtaniya yawancin 'yan wasan da girmansu suka koya, ko a jami'a ko bayanta, don haka koci ya saba da mai zuwa bai san gaba ko baya ba.

Gwajin da muke nufi na sikila ne. Idan ba ka tabbatar ko kai AA ne ko AS ba, ka nemi likitanka ya rubuta maka, kada ka dogara da "ai a gidanmu babu mai ciwon." Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma akasarinsu har su tsufa ba su ji komai ba. Matsalar takan taso ne idan aka sa mutum gudu iya ƙarfinsa, a maimaita, a maimaita, babu hutu. A irin wannan hali jajayen ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini na cikin tsoka, tsokar ta fara mutuwa, abin da ta zubar cikin jini ya taɓa ƙoda da zuciya. Minti biyu zuwa uku na gudun ba-tsayawa ya isa a fara. Zafi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓi da asma duk suna ƙara tsananta shi. Bayan rasuwar wani ɗalibi ɗan wasa na Jami'ar Rice a 2006 ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta wajabta tantance 'yan wasan babban rukuninta daga 2010. Kuma galibin waɗanda abin ya kashe ba a cikin wasa suka faɗi ba, a gudun horo ne.

Idan ka fito AS, hakan bai hana ka wasan ba, akwai masu shi da suka yi shekaru a NFL. Sai dai ka gaya wa koci da mai ba da agajin gaggawa na ƙungiyar tun ranar farko, ka kuma san alamar. Ɗaurewar jijiya ta yau da kullum takan zo da zafi, tsokar ta yi tauri kamar dutse, mutum na murƙususu. Wannan kuwa kasala ce, ƙafafu su ƙi ɗaukarka, numfashi ya yi sama, tsoka kuma in an taɓa a ji ta laushi. Da ka ji haka ka tsaya nan take, ko da kowa na yi maka ihu ka ƙarasa. Idan 'yan mintoci suka wuce ba ka dawo daidai ba, a kira 999, lambar motar asibiti ta gaggawa. Fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan atisaye, wannan ma na asibiti ne a ranar.

To, maganar Hajiya. Ba ta faɗi ƙarya ba, ana karya wuya a wasan nan, kuma an san takamaimai yadda ake karya shi. Wuyan ɗan'adam yana da ɗan lanƙwasa da ke shanye bugu. Idan ka sunkuyar da kai kaɗan, lanƙwasar sai ta miƙe, ƙasusuwan su jeru ɗaya bisa ɗaya kamar tubali. Ka doki mutum da tsakiyar kai a haka, kanka ya tsaya amma gangar jikinka mai kilo 98 na tahowa a baya, ƙashin da ke tsakani shi zai fashe ya taɓa laka. Shi ya sa aka haramta tunkuyi da hular kwano a jami'o'i da makarantun sakandaren Amurka a 1976, kuma shanyewar jiki a wasan ta ragu ƙwarai daga nan. Sabon ɗan wasa shi ya fi shiga wannan haɗari, don kowa in ya ga abu zai buge shi rufe ido yake ya sunkuya, ga hula a kai tana ruɗinsa cewa babu abin da zai same shi.

Saboda haka da yadda ake koyar da kayarwa za ka auna ƙungiyar, ba da kofunan da ta ci ba. Ka je atisaye ɗaya a matsayin ɗan kallo. Ƙungiya ta gari takan ware sababbi, su yi makonni suna koyon tsayuwa da taku, su fara kayar da buhunan soso, sannan junansu a tafiyar ƙafa, sannan da rabin gudu, kafin a haɗa su da tsofaffin hannu. Za ka ji koci na ta nanata a ɗaga kai, a kalli abin da za a buga. Idan ka ga a makon farko an kwantar da mutum biyu kai da kai, an busa usur sun tashi sun gwabza, sauran na shewa, ɗauki jakarka. Ka tambaya ko ƙungiyar na da rajista da BAFA, hukumar da ke kula da wasan a Birtaniya, ko kocinta na da takardar shaida, kuma wa ke duba wanda ya bugu a kai. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Kayarwa mai kyau ta fi kama da ta ɗan kokawa da ya nufi ƙafar abokin karawarsa. Ka matso, ka gajarta taku, ka sauke ƙugu ta hanyar lanƙwasa gwiwa, ba ta hanyar sunkuyo da baya ba. Idonka a kan cinyarsa ko ɗamararsa, don kai da kafaɗa suna yaudara, ƙugu kuwa inda ya nufa nan mutum zai bi. Ƙafar da ta fi kusa da shi ita za ka dasa, kafaɗar wannan gefen ita za ta buga, kanka ya wuce ta gefen jikinsa, hannu biyu su rungume cinyoyin ka matse, ƙafafunka kuma su ci gaba da turawa. Kurakuran sababbi uku ne kusan kullum: tsayar da ƙafa da zarar an haɗu, miƙa hannu kaɗai daga nesa, wanda ke jawo gocewar kafaɗa, da kuma dirowa tun ba a iso ba. Kai da ka fito daga ƙwallon ƙafa kana da ta huɗu: ƙafarka za ta so miƙewa ta yi maka aikin da ta saba. A nan taɗiye mutum laifi ne mai tarar yadi 15.

Hular kwano aikinta kare ƙoƙon kai da fuska daga fashewa. Ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon, kuma babu hular da ke hanawa, kome tsadarta. Likitan da ya fara bayyana lalacewar ƙwaƙwalwa mai ɗorewa a tsohon ɗan wasan NFL ma ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu daga jihar Anambara, wanda ya binciki gawar Mike Webster a 2002 ya wallafa sakamakon a 2005. Cutar tana tafiya ne da yawan shekarun da aka yi ana shan bugu a kai, har da ƙananan da ba a jin su. Wanda ya fara a 26 yana atisaye sau biyu a mako bai tara abin da wanda ya fara tun firamare ya tara ba, amma kowane bugu yana shiga lissafi.

Idan ka bugu ka ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya, haske na damunka ko ka rasa wasan da aka kira, ka fita, ba sai ka suma ba. Ƙa'idar da gwamnatin Birtaniya ta fitar wa ƙananan ƙungiyoyi a 2023 ta ce wanda ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa ba ya komawa fili a ranar, ya tuntuɓi 111, layin wayar shawarar lafiya, cikin awa 24, ba ya shiga atisayen gwabzawa sai ya yi kwana 14 babu wata alama, ba ya buga gasa kafin kwana na 21. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, gani biyu-biyu, ciwon wuya mai tsanani ko mutuwar hannu da ƙafa, waɗannan na motar asibiti ne. Akwai kuma wani zugi kamar wutar lantarki da ke bin hannu ɗaya bayan an bugi kafaɗa, yakan wuce cikin mintoci. Idan hannu biyu ne a lokaci guda, kada ka motsa, kada kuma kowa ya cire maka hula.

Dalilin da muka ce ka bar ta fam 60 ke nan: araha ba ta ado. Sabuwa mai kyau, ta Riddell ko Schutt, takan haura fam 300. Robar jikin hula tana tsufa, sosonta na ciki yana bushewa, kuma masu gyaran huluna ba sa sake sa wa wadda ta wuce shekara 10 hatimin inganci. A hoto ba za ka ga tsagar da ke kusa da ramin kusoshi ba. Yawancin ƙungiyoyi suna ba sababbi aron hula da sulken kafaɗa, ka yi kakar farko da na aro. Ranar da za ka saya, ka nemi hatimin NOCSAE, hukumar Amurka mai tsara ƙa'idar ingancin kayan wasa, da shekarar ƙira a jikinta.

Ko ta aro ce, sai ta zauna daidai. A auna kewayen kanka da tef ɗin tela, kamar santimita 2.5 sama da gira, a nan kuma bakin hular zai tsaya. Tsakanin hancinka da ƙarfen fuska ya ɗauki yatsa biyu zuwa uku. Sosan gefe su manne da muƙamuƙi, maɗaurin haɓa ya zauna a tsakiya, a ɗaure duka maɓallansa huɗu. Sai wani ya kama ƙarfen ya juya hagu da dama: fatar goshinka ta bi hular. Idan hular ta zame ita kaɗai, ta yi maka yawa, ranar da aka buge ka kuma bakinta zai sauko ya tsaga maka karan hanci. In ka yi aski bayan an daidaita ta, a sake dubawa. Sulken kafaɗa kuma ya rufe ƙashin ƙirji da kan kafaɗu, kada ya shaƙe ka in ka ɗaga hannu sama.

Abin da za ka saya da kuɗinka kaɗan ne. Robar haƙori mai launi, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar baki, ka sayi biyu. Wando mai soso bakwai a jiki: biyu a kwankwaso, ɗaya a ƙarshen gadon baya, biyu a cinya, biyu a gwiwa. Takalmin ƙwallonka mai haƙoran roba zai yi maka kakar farko. Ka ƙara da riga mai dogon hannu ta ciki, don sanyin Janairu da kuma ciyawar roba da ke saɓule fatar gwiwar hannu.

Dokokin ba su kai yadda suke ba da tsoro a talabijin ba. Mutum 11 kowane gefe, fili yadi 100, wato kimanin mita 91, da gidan ci na yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa a ta huɗu sukan doka ta nesa. Shiga gidan ci da ita maki 6 ne, sai ƙarin 1 in an buga ta tsakanin sanduna ko 2 in an sake shiga da ita. Bugun sanduna shi kaɗai maki 3. Jifa gaba sau ɗaya ake yi a kowace dama, daga bayan layin da aka fara. Laifin da zai fi kama ka shi ne motsi kafin a saki ƙwallo, yadi 5, sai riƙe rigar wanda ba ya ɗauke da ita, yadi 10. In kana tsaron gida, motsin ƙwallon za ka kalla, ka toshe kunnenka daga ihun kwatabak, mai jagorantar harinsu, don da gangan yake canza murya ya jawo ka.

Da jikinka, mai yiwuwa a sa ka lainbaka, wato masu tsayawa bayan layin gaba na tsaro, ko a gefen layin kansa. Tsaro ya fi sauƙin shiga ga sabo, kuma karanta wasa da ka koya a baya zai yi maka amfani. Kada ka yi mamaki in an nemi ka shiga layin masu tare wa kwatabak, kullum ƙananan ƙungiyoyi cikin ƙarancinsu suke, kuma wanda ya yarda yakan samu wasa da wuri. Ka gaya wa koci kana iya bugun ƙwallo da ƙafa, ba kasafai suke samun gwani a nan ba. Abin da ke zaunar da sabo a benci ba rashin ƙarfi ba ne, rashin sanin inda zai tsaya ne. Za a ba ka littafin dabarun ƙungiya, ka haddace aikinka a kowane kira, minti 15 kullum, kana zanawa a takarda.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka fara shirin jiki yanzu. Gudun kilomita biyar a hankali ba shi wasan ke nema ba. Kowane karo daƙiƙa huɗu zuwa shida ne na iya ƙarfi, sai hutun da bai wuce daƙiƙa 40 ba. Sau biyu a mako, bayan ɗumama jiki na minti 10, ka yi gudun mita 20 sau shida, kana hutun minti ɗaya, kana ƙara ɗaya duk mako har goma. In kai AS ne ka tsawaita hutun har numfashinka ya dawo. Wasu kwana biyun ka shiga ɗakin motsa jiki: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga shi daga ƙasa, tura shi daga ƙirji, jawo shi zuwa ciki, kowanne zagaye uku na sau biyar zuwa takwas, wani ya duba maka bayanka kada ya lanƙwashe. Wuya kuma ka sa tafin hannu a goshi ka tura kai ba tare da ya motsa ba, daƙiƙa 10, haka ta ƙeya da gefe biyu. Tsokar bayan cinya ita ta fi tsinkewa a makonnin farko. Maganinta ka durƙusa, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗowa gaba a hankali kana riƙe kanka, sau biyar, zagaye biyu. Kwana biyun farko za ka yi tafiyar agwagwa, ba komai.

Wani rauni da ake rainawa: yatsa ya maƙale a rigar mutum ya fizge, sai ka ga gaɓar ƙarshe ta ƙi lanƙwasuwa, galibi a yatsan zobe. Jijiya ce ta tsinke, ɗinki take so cikin 'yan kwanaki, ba ɗauri da filasta ba. Kai kuwa da hannu kake neman abincinka a sito, kada ka yi wasa da wannan. A kan haka ne ma za ka tambayi abin da inshorar rajistarka ta ƙunsa, musamman ko tana biyan wani abu in karaya ta zaunar da kai mako shida, ka kuma duba abin da wurin aikinka ke biyan mara lafiya. In da takardar zama ta bayan kammala karatu kake, ta hana sana'ar wasa, don haka buga don sha'awa kawai, kada ka karɓi ko sisi.

Azumi ya zo maka da sauƙi. A 'yan shekarun nan cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, kuma yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, gasar manya kuwa sai wajen Afrilu ake farawa. A Birmingham rana na faɗuwa tsakanin biyar da shida da 'yan mintoci a lokacin, atisayen dare na tsakiyar mako ke nan bayan shan ruwa yake. Ka sha ruwa da dabino da abu mara nauyi, tuwo ya jira ka dawo. Ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa, duk kilo ɗaya da ka rasa ka mayar da lita ɗaya da rabi kafin sahur. Na safiyar Lahadi shi ne mai wuya: ka halarta, ka yi na koyon taku da dabaru, ka bar gudun horo. Ga mai AS wannan ba zaɓi ba ne, ƙishirwa da gudun ba-hutu su ne ainihin haɗin da ake gudu.

Hajiya kuwa, bidiyon da ka tura mata na ƙwararru ne masu kilo 140, kuma irin waɗannan bidiyoyi mafi munin karo ake tsincewa a haɗa. Kada ka ce mata babu haɗari, kada kuma ka yi a ɓoye. Ka kira ta ka zayyana mata abin da ka yi: gwajin jini, ƙungiyar da ka je ka duba, alƙawarin fita daga fili duk ranar da kanka ya bugu. In hankalinta bai kwanta ba, akwai nau'in wasan da ba a kayarwa, mutum biyar-biyar, ana fizge ƙyalle ne daga ƙugun mai ƙwallo. Shi za a buga a gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjelas, kuma Najeriya ce ta ci kofin Afirka na maza da na mata a Alƙahira a 2025. Ƙungiyoyi da dama a Ingila suna da ɓangarensa, kayansa bai wuce takalmi da robar haƙori ba, kuma kamun ƙwallo, taku da karanta hari duk iri ɗaya ne. Ka yi kaka ɗaya a nan, ka ɗauko mata bidiyon atisayenku na gaskiya, sannan ka sake neman izininta a kan mai hular kwano.